Kafin Ki Sayar da Filinki Don Ɗanki Ya Tuƙa Jirgin Sama

 

Wata ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, mahaifiyar wani tsohon ɗalibina ta tare ni a bakin aji, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Malama, a taya mu da addu'a, ɗanki ya ce shi tuƙin jirgin sama zai karanta. Na yanke shawarar sayar da filin da na gada, in haɗa da 'yan gwala-gwalaina, babansa ya cika, a kai shi makaranta a ƙasar waje." Na yi mata fatan alheri, sannan na ce, "To Hajiya, an gwada shi kuwa?" Sai ta ce ai takardar sakandarensa ta yi kyau, lissafi ma babu wanda ya kama ƙafarsa a ajinsu. Na ce mata ba wannan gwajin nake nufi ba.

Gwajin da nake nufi shi ne abin da zan yi miki bayani a kai yau, domin iyaye da dama sukan fara jin labarinsa ne bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Makarantar koyon tuƙin jirgi daban, kamfanin da zai ɗauki matuƙi aiki daban. Makaranta takan koyar, hukuma ta ba da lasisi (a nan Nijeriya hukumar NCAA ce ke bayarwa), amma kamfanin jirgi ba ya miƙa wa mutum jirginsa da fasinjojinsa don kawai ya nuna lasisi. Manyan kamfanoni da yawa sukan zaunar da mai neman aiki a gaban kwamfuta, a yi masa wata irin jarrabawa ta auna baiwa, wadda ke duba yadda ƙwaƙwalwarsa da idonsa da kunnensa da hannunsa suke aiki tare a lokacin da abubuwa suka cakuɗe. Akan yi wa sabon shiga wanda kamfani ke son ya horar tun daga tushe, akan kuma yi wa wanda ya zo da lasisinsa a hannu. Inda matsalar take, wasu makarantun kuɗi ba sa tsananta wannan gwaji wajen ɗaukar ɗalibi, tunda kuɗinsa suke so. Yaro zai iya gama karatu, ya dawo da lasisi, a yi walima, sannan ya je neman aiki ya tarar da kwamfutar nan tana jiransa a bakin ƙofa. Karatun kuwa ba na wasa ba ne, a Turai yakan tasam ma Yuro 100,000, ban da kuɗin horon da ake ƙara yi a kan takamaiman samfurin jirgin da mutum zai tuƙa.

Me ake yi a ɗakin gwajin?

Ki ƙaddara ɗanki ne a zaune a gaban allon kwamfuta, an sa masa abin saurare a kunne, hannunsa a kan wata sanda irin ta tuƙin jirgi, wani lokaci har da abin takawa a ƙarƙashin ƙafafunsa. A kan allon akwai wani ɗigo da ke zillewa, yana tafiya hagu da dama, sama da ƙasa, shi kuma aikinsa ya riƙa dawo da shi tsakiya. Da farko abin kamar wasan yara. Can sai a ƙara masa wani abu, a ce ya kula da allurai uku, ɗaya ta tsayin da jirgi yake, ɗaya ta saurinsa, ɗaya ta inda ya dosa, kada ko ɗaya ta kauce. Yana cikin haka sai murya ta fara karanto masa lambobi a kunne, an kuma gaya masa ya danna maɓalli duk sanda ya ji wasu irin lambobi sun jeru. Duk a lokaci guda, kuma saurin abin ƙaruwa yake yi.

Ke da kanki kin san irin wannan hali. Tuwo yana kan wuta ya kai a tuƙa, na goye yana kuka, ana sallama a ƙofa, ga kuma mai rarrafe ya nufi murhu. Mace mai hankali ba ta tsayawa tunanin wanne za ta fara, yaron da ya doshi wuta za ta cafko, mai sallama ya ɗan jira. Abin da kwamfutar ke son gani ke nan: idan aiki ya fi ƙarfin mutum, shin ya san abin da zai riƙe da abin da zai saki, ko kuwa ruɗewa zai yi ya saki duka? Ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ita ce a fara riƙe jirgi, sannan a san inda aka dosa, magana da ma'aikatan hasumiya ta zo daga baya. An tsara wasu sassan gwajin ta yadda kusan kowa sai ya yi kuskure, don a ga yadda mutum zai farfaɗo bayan kuskuren. Wani yaron da ya ɓata abu ɗaya sai zuciyarsa ta tsaya a kansa, yana jin haushin kansa, har abubuwa biyar su wuce shi.

Akwai sashen riƙe abu a ka. Za a riƙa karanto lambobi ba tare da an faɗi inda za a tsaya ba, kwatsam sai muryar ta yanke, a ce ya rubuto na ƙarshe-ƙarshen yana komawa da baya. A nan zan faɗa miki wani abu da na lura da shi a aji. Ina da ɗalibai masu kaifin hadda, yaro ya riƙe shafi guda a zama ɗaya, amma ki aike shi kanti da saƙo uku, ki canza masa ɗaya yana bakin ƙofa, sai ya dawo miki da shirme. Hadda baiwa ce babba, sai dai ita ajiya ce mai daɗewa, wadda ake ginawa da maimaici. Abin da ake nema a nan kuwa riƙo ne na ɗan lokaci, ka karɓi sabo ka zubar da tsoho nan take, kamar yadda mai kula da zirga-zirgar jirage zai faɗa wa matuƙi sabon tsayi da sabuwar alkibla da lambar rediyo a numfashi ɗaya, shi kuma ya maimaita masa su daidai.

Sai sashen sanin alkibla. A nuna masa hoton wani akwati mai alamomi a jikinsa, a ce idan aka juya shi sau biyu hagu, sau ɗaya sama, ina alamar za ta koma? Ko a nuna masa allurai biyu a ce ya zaɓi hoton jirgin da ya dace da su. Dalilin wannan shi ne, a cikin gajimare ko duhun dare jiki yakan yaudari mutum, ya ji kamar jirgi a miƙe yake alhali ya karkace, don haka dole ya gaskata allura, ya kuma zana wa kansa hoton inda yake a cikin kansa.

Lissafin da ake yi ba mai zurfi ba ne, sai dai da ka ake yin sa kuma agogo na tafiya. Misali, jirgi yana cin mil 8 a minti ɗaya, saura mil 120 a isa, minti nawa ya rage? Amsa 15. Ko kuma wata ƙa'ida da matuƙa ke amfani da ita wajen sauka, cewa kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana buƙatar kimanin mil 3 na tafiya, don haka wanda ke ƙafa 30,000 a sama zai fara gangarowa tun yana mil 90 daga filin jirgi. Akan haɗa da tambayoyin kimiyya na matakin sakandare da kuma Turanci, domin tun shekarar 2008 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe su kai aƙalla mataki na 4 cikin matakai 6 na iya Turancin aiki.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da sunaye daban-daban, ya danganta da wanda ya ƙirƙiro su. Akwai COMPASS na ƙasar Holan, akwai PILAPT, akwai ADAPT. Wanda ya fi suna wajen tsanani shi ne na cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, da ake yi a birnin Hamburg, wanda kamfanin Lufthansa ya daɗe yana tace matuƙansa da shi.

Asalin abin

Ba yau aka fara ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan sama ta Amurka ta ga tana kashe maƙudan kuɗi wajen horar da samari waɗanda daga baya suke kasawa, wasu ma su hallaka a wajen koyo. Sai ta ɗauko masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin jagorancin wani mai suna John Flanagan, suka tsara jarrabawar takarda da kuma wasu na'urori masu fitilu da sanda da abin takawa. Akan ba kowane saurayi maki daga 1 zuwa 9. Da aka bi diddigi sai aka ga masu ƙaramin maki su ne suka fi yawan faɗuwa a makarantar tuƙi, masu babban maki kuwa mafi yawansu sukan kammala. A shekarun 1980 kwamfuta ta fara maye gurbin waɗancan na'urori, daga nan kamfanonin jiragen fasinja suka rungumi tsarin.

Idan kina son ki ga amfanin abin da ake aunawa, ki dubi abin da ya faru ran 15 ga Janairun 2009 a birnin New York. Jirgin US Airways ya tashi ke nan sai garken tsuntsaye ya faɗa cikin injunansa biyu, duka suka daina aiki. Daga wannan lokaci zuwa sanda jirgin ya taɓa ruwa bai cika minti huɗu ba. A cikin wannan ɗan taƙi, Kyaftin Chesley Sullenberger ya karɓi tuƙi, ya auna ko zai iya komawa filin jirgi ya ga ba zai kai ba, ya yi magana da mai kula da jirage, ya zaɓi kogin Hudson, mataimakinsa kuma yana ta ƙoƙarin tada injin. Mutum 155 ne a ciki, kuma cikin ikon Allah babu wanda ya rasu. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma zaɓen wanda za a ba tuƙi yana cikin ɗaurin. Duk wadda ta taɓa hawa jirgi zuwa Makka ta san yadda zuciya take yi idan ya fara girgiza a sama.

Tarbiyyar gida da ɗakin tuƙi

Ga inda nake son ki nutsu, uwargida, domin nan ne hannunki ya fi shiga. Bayan gwajin hannu da ƙwaƙwalwa akwai doguwar takardar tambayoyi a kan hali, ita ma a kwamfuta, inda akan maimaita tambaya ɗaya ta fuskoki da yawa don a gane mai ƙoƙarin nuna kansa a matsayin wanda ba ya kuskure. Wanda ya tsallake sai a haɗa shi da wasu masu neman aikin a ba su matsala ɗaya su warware tare, masana na zaune suna kallo: wa ke saurare, wa ke danne kowa, wa ya ga kuskure ya yi shiru. Daga nan sai ganawa ta baki da baki, sai kuma gwaji a cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi.

Me ya sa ake damuwa da wanda ya ga kuskure ya yi shiru? Ran 27 ga Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Kyaftin ɗin jirgin KLM babban malami ne a kamfaninsu, wanda kowa ke jin nauyinsa. Ya fara gudun tashi alhali ba a ba shi izini ba, ɗayan jirgin kuma yana kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko wancan jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya kauce, aka ci gaba da gudu. Wannan haɗari yana cikin manyan dalilan da suka sa kamfanoni suka shiga koya wa na ƙasa ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, na sama kuma ya saurara.

Mu kuwa muna renon 'ya'yanmu da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau wanda ba na fatan mu rabu da shi. Amma a gidaje da yawa mun wuce gona da iri, har yaro ya tashi da ganin cewa gyara wa babba rashin kunya ne ko da babban zai faɗa rami. Addininmu bai koyar da haka ba. Liman idan ya yi mantuwa a salla, na bayansa ne ke tunatar da shi, maza su yi tasbihi, mata su tafa, kuma ba a ce sai wanda ya girmi liman ba. Idan ya kakare a karatu, ƙaramin almajiri a sahu zai iya buɗa masa. Yaron da aka saba masa ya ce, "Baba, a gafarce ni, ina ganin ba nan ce hanyar ba," uban kuma ya duba maganar maimakon ya daka masa tsawa, wannan yaro an riga an koya masa wani abu da kamfanonin jirage ke kashe kuɗi suna nema. Haka nan wanda aka saba masa ya ce "ni na fasa" ba tare da tsoron za a kashe shi da duka ba, domin matuƙin da ke ɓoye kuskurensa haɗari ne ga kowa.

Abin da kwamfuta ba ta gani

Kada ki ɗauka gwajin nan duba ne. Yana nuna wanda ya fi yiwuwa ya kammala horo, amma yakan kuskure, kuma yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa ya fi sakin jiki a gabanta bisa wanda bai taɓa riƙe sandar ba. Ko a nan gida mun ga yadda yara suka sha fama lokacin da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Saboda haka yana da kyau yaro ya yi atisaye da irin waɗannan gwaje-gwaje kafin ranar, don kada baƙuncin abin ya kayar da shi. Atisaye yana cire baƙunta, yana kuma kaifafa lissafin ka da Turanci, amma akwai iyakar inda yake kai mutum. Idan kuma ɗanki ya ce miki wasan bidiyon da yake kwana yana yi shiri ne na zama matuƙi, ki ce masa barcin da yake hana kansa ya fi wasan amfani a ranar gwaji.

Zuciya kuwa kwamfuta ba ta leƙa ta. Ran 24 ga Maris na 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings, Andreas Lubitz, ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi bayan kyaftin ya fita, ya kai jirgin ya buga da duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka hallaka. Ya tsallake tacewar shiga makarantar Lufthansa a baya, amma yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ya kuma ɓoye wa kamfaninsa takardun likita da suka ce bai kamata ya yi aiki ba. Bayan haka Tarayyar Turai ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2021, cewa sai an auna halayyar matuƙi kafin ya fara ɗaukar fasinja, kuma kamfani ya tanadi hanyar da matuƙin da ke cikin damuwa zai nemi taimako. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kuma kafa hujja da siffa biyu, ƙarfi da amana. Kwamfuta takan iya auna ta farko gwargwadon hali, ta biyun kuwa a gida ake dasa ta.

Wannan ya kawo ni ga gwajin lafiya. Matuƙin jirgin fasinja sai ya sami takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukuma ta amince da shi, ana kuma sabunta ta a kai a kai. Ana duba zuciya, da ji, da gani, da jini. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi muddin yana gyara ganin. Abin da ke kayar da samari ba zato shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, wanda ya fi yawa ga maza, kuma mutum zai iya girma da shi bai sani ba. Jirgi kuwa fitilar fiffikensa na hagu ja ce, ta dama kore, fitilun filin jirgi ma da launi suke magana. Farfaɗiya da cutar sikila suna hana samun takardar. Don Allah 'yar'uwa, idan kin san ɗanki ya taɓa faɗuwa da farfaɗiya, kada ƙauna ta sa ki ce masa ya ɓoye. Rayukan mutane ne za a ɗora a wuyansa.

Idan kuma aka gwada shi bai ci ba, kada ki bari a mayar da shi abin gori a gida. Sahabi Abu Zarri (RA) ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi shugabanci, aka nuna masa cewa ba zai iya ɗaukar nauyin ba, kuma hakan bai rage masa daraja ko ƙaunar da ake yi masa ba. Fannin jiragen sama yana da faɗi, akwai injiniyoyi masu gyara, akwai masu kula da zirga-zirga, akwai masu tsara tafiyar jirgi tun daga ƙasa, kuma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da waɗannan fannoni tare da tuƙin.

'Ya'ya mata fa? Gwajin da ake yi wa namiji shi ake yi wa mace, maki ɗaya ake nema. Har yanzu mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na matuƙan jiragen fasinja a duniya ba, amma suna nan. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, ta kai ga shugabantar kwalejin Zariya a 2011. A 2016 kuma wasu mata uku na kamfanin Royal Brunei, da lulluɓinsu, suka tuƙo jirgi suka sauke shi a Jidda. Sai dai aiki ne na kwana a waje da yawan tafiya, don haka magana ce da za a zauna a kanta da yarinyar da mahaifinta, a kuma nemi fatawar malamai tun kafin a fara kashe kuɗi.

Ita dai Hajiyar da na ba ki labari, shawarar da na ba ta ita ce a jinkirta cinikin filin. A fara kai yaron wurin likitan da hukuma ta amince da shi, tunda shi ne mafi araha a cikin matakan. Idan ya tsallake, a nemi makarantar da ke yin gwajin baiwa kafin ta karɓi kuɗi, a kuma tambaye su kai tsaye ɗalibansu nawa ne suka sami aiki a kamfanin jirgi cikin shekarun baya-bayan nan. Da muka haɗu a wajen wani suna ta ce mini filin yana nan, yaron kuma an sa masa ranar ganin likita bayan Salla, kuma babansa ya ɗora masa lissafin ka kullum bayan sallar Asuba.